Darasi: Akwatin da ke Sarrafa Gudun Injin Ruwa

'Yan'uwa manoma na Durba da sauran ƙauyukan Kibiya da Rano, darasinmu na wannan wata a kan rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana ne. A gindin tanki, ko a ƙarƙashin farantan sola, akwai wani akwati. Masu gyara suna kiransa inbata. Ko kun san aikinsa?

Wutar lantarki ta gwamnati tana kai da komowa cikin waya sau 50 a kowane sakan. Wannan kai da komowa shi ke juya injin. Idan ya ragu, gudun injin ya ragu. Idan ya ƙaru, gudu ya ƙaru.

Wutar farantin sola kuwa hanya ɗaya take bi, ba ta komowa. Akwatin nan shi ke karɓar ta, ya mayar da ita mai kai da komowa. Shi ne kuma ke zaɓen ko sau nawa za ta yi. A sau 50, yawancin injunan cikin rijiya, wato sumo, suna juyi kusan 2,900 a minti. A sau 40, juyin ya koma kusan 2,300.

Da sassafe rana ba ta da ƙarfi, sai akwatin ya tashi injin sannu a hankali. Da tsakar rana ya ba shi cikakken gudu. Idan hadari ya rufe rana, ya rage masa. Amma idan gudu ya yi ƙasa ƙwarai, ruwa ba zai hau tanki ba.

Irin wannan akwati ana aiki da shi a manyan masana'antu, a kan famfuna da fankoki. Fanka da aka rage wa gudu kashi ɗaya cikin biyar, kusan rabin wuta kawai take sha. Injin da aka tasa farat ɗaya kuwa yakan ja wuta ninki biyar ko shida, ya yi zafi.

Sumo yana da tsada. Idan ya ƙone, mata da yara su koma tafiya ɗiban ruwa, lambu ya bushe. Rigakafi ya fi magani. Saboda haka:

1. A ajiye akwatin a inuwa, inda iska ke shiga.
2. A share masa ƙura, musamman da hunturu.
3. Kada ruwa ya taɓa shi.
4. Kada a buɗe shi. Ko an kashe shi, wuta tana nan a ciki na wasu mintoci, tana iya kisa.
5. Idan ya tsaya ya nuna wata lamba, a rubuta ta, a kai wa mai gyara.

Tambayoyi

1. Me ke sa gudun injin ya ragu?
2. Don me ruwa ke zuba kaɗan da sassafe?
3. Wa ke kula da akwatin rijiyar garinku?