Yadda Ake Haɗa Tawagar Pokémon Mai Cin Wasa a Wayar Hannu

A gidajen gem na Barnawa, Kakuri, Narayi da Sabon Tasha, wasan ƙwallo na PlayStation ne ke cin kasuwarsa. Wasan Pokémon, wanda kamfanin Game Freak na Japan ya fara fitarwa a 1996, bai samu shiga haka ba, domin a na'urorin Nintendo ake buga shi, su kuwa ba kowane aljihu ke iya ɗaukarsu ba. Sai dai akwai wata hanya ta kyauta. Shafin Pokémon Showdown, wanda Guangcong Luo ya buɗe a 2011, yana aiki a burauzar waya ba tare da an sauke komai ba. Mai wasa zai zaɓi dodanninsa shida, ya kara da wani mutum daga ko'ina a duniya.

Tunda kowane dodo kyauta ne a shafin, ba kuɗi ke raba gwani da ɗan koyo ba. Haɗin tawaga ne. Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne ya kwaso dodanni shida da suka fi ƙarfi a idonsa, ya jera su, sannan ya yi ta shan kashi yana mamaki. Wannan darasi zai nuna dalilin haka, da yadda ake gina tawaga daga farko har ƙarshe.

Me ya sa ƙarfi kaɗai ba ya isa?

Masu zuwa gidan kallon ƙwallo sun san labarin Real Madrid. A 2003 ƙungiyar tana da Zidane, Ronaldo, Figo da Raúl, ta ƙaro Beckham, amma ta sayar wa Chelsea Claude Makélélé, mutumin da ke share mata tsakiya. Ba ta sake ɗaukar La Liga ba sai 2007.

Haka abin yake a Pokémon. A ɗauki Garchomp, Dragonite da Salamence. Dukkansu manya ne, jimillar ƙarfin kowanne 600. Amma harin ƙanƙara yana cin kowannensu ninki huɗu. Abokin karawa mai dodo ɗaya tak da ya iya Ice Beam, in har ya fi su gudu, zai iya kwantar da rabin tawagar cikin zagaye uku.

Ga kuma kishiyar wannan. A gasar duniya ta 2014 a birnin Washington na Amurka, Sejun Park na Koriya ta Kudu ya ɗauki kofi da wani ɗan kurege mai suna Pachirisu a tawagarsa, wanda jimillar ƙarfinsa 405 ce kacal. Ba don ya kashe kowa aka kawo shi ba. A wasan biyu-da-biyu, dabararsa ta Follow Me tana janyo harin abokan gaba zuwa kansa, baiwarsa ta Volt Absorb kuma tana mayar da harin lantarki ya zama ƙarin jini. Da haka ya riƙa kare Gyarados, wanda lantarki ke ci ninki huɗu, har shi kuma ya samu sararin yin ɓarna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mataki na 1: Zaɓen tsarin wasa

Kafin a taɓa ko dodo ɗaya, sai a san dokar filin. A Showdown akwai tsari biyu da suka shahara wajen masu haɗa tawaga. Na farko shi ne OU, wasan ɗaya-da-ɗaya da dodanni shida a mataki na 100, wanda al'ummar Smogon ke tsara wa doka. Na biyu shi ne VGC, tsarin gasar hukuma, inda ake kawo shida a zaɓi huɗu, a fito biyu-biyu a mataki na 50, kuma ba a yarda dodanni biyu su riƙe kaya iri ɗaya ba. Tawagar da ta yi kyau a wannan ba lallai ta yi a wancan ba.

Misalin da ke tafe na Gen 9 OU ne, wato zubin Scarlet da Violet da ya fito a Nuwambar 2022. A shiga Teambuilder, a danna New Team, a zaɓi tsarin tun daga farko.

Mataki na 2: Sanin nau'o'i

Nau'in dodanni 18 ne tun 2013. Allon wasan da Turanci yake, don haka ya kamata a haddace su: Fire wuta, Water ruwa, Grass ciyawa, Electric lantarki, Ice ƙanƙara, Ground ƙasa, Rock dutse, Steel ƙarfe, Fighting dambe, Poison guba, Flying masu tashi, Bug ƙwari, Ghost fatalwa, Dark duhu. Sauran huɗun su ne Normal, Psychic, Dragon da Fairy.

Lissafin ba shi da wuya. Harin da ya dace da raunin dodo yana ninkawa sau 2. Idan dodon mai nau'i biyu ne kuma dukkansu na tsoron harin, sai ya zama sau 4. Idan yana jure harin, rabi ne zai shige shi. Wani kuma ko gezau: harin ƙasa ba ya taɓa mai tashi, lantarki ba ya taɓa nau'in ƙasa, Dragon ba ya taɓa Fairy. Sannan duk dodon da ya yi hari irin nau'insa yana samun ƙarin kashi 50 cikin 100.

Mataki na 3: Da me za a ci wasan?

Wannan ita ce tambayar da ke gaba da kowace. A zaɓi dodo ɗaya da zai ƙarasa wasa, sauran biyar su yi masa hidima. A nan an zaɓi Garchomp, mai nau'in Dragon da ƙasa.

Dabarunsa huɗu: Swords Dance, Earthquake, Scale Shot da Fire Fang. Swords Dance na ninka ƙarfin dukansa a zagaye ɗaya. Scale Shot na duka sau da yawa sannan ya ƙara masa gudu, kuma idan yana riƙe da Loaded Dice, dukan ba ya gaza huɗu. Shirin a taƙaice: a raunana masu tare masa hanya, a nemo masa zagaye ɗaya na sarari, ya yi Swords Dance, ya share sauran. Duk mai wasan da ya kasa faɗin shirinsa a jimla ɗaya kamar haka, bai gama haɗa tawaga ba tukuna.

Mataki na 4: Masu rufa masa baya

Garchomp na tsoron abu uku: ƙanƙara, Dragon da Fairy. Corviknight, tsuntsun ƙarfe, yana jure Dragon da Fairy. Shi kuma yana tsoron wuta da lantarki, waɗanda Garchomp ke jure ta farko, ta biyu kuwa ba ta taɓa shi sam. Kowanne na shiga inda ɗan'uwansa zai sha wuya. A ba shi Roost don mayar da jini, da U-turn, da Defog, da Brave Bird.

Saura ƙanƙara. Rotom-Wash, mai lantarki da ruwa, yana jure ta, kuma baiwarsa ta Levitate ta sa harin ƙasa ba ya samunsa. Rauninsa ɗaya ne, ciyawa, ita kuwa Corviknight kashi ɗaya cikin huɗu kawai take shigarsa. Will-O-Wisp ɗinsa na ƙona abokin gaba, wanda hakan ke rage ƙarfin dukansa da rabi. Volt Switch da U-turn suna da amfani iri ɗaya: a yi duka, a fice, a shigo da wanda ya dace ba tare da asarar zagaye ba. Ta wannan ƙofa Garchomp zai riƙa shigowa fili.

Mataki na 5: Masu share masa hanya

Yanzu a juya tambayar: wa ke tsayar da Garchomp? Tsuntsayen ƙarfe irin Skarmory da Corviknight na abokin karawa, domin Earthquake ba ya taɓa su, suna kuma jure Dragon. Heatran, mai wuta da ƙarfe, shi ne maganinsu. Bayan haka ƙanƙara da Fairy kashi ɗaya cikin huɗu suke shigarsa.

Heatran ne kuma zai shimfiɗa Stealth Rock, wato duwatsun da ke rage jinin dodon da ya shigo fili, kashi 1 cikin 8 ga wanda ba ya tsoron dutse kuma ba ya jure shi. Ga irin su Charizard da Volcarona, rabin jini ne ke tafiya. Wannan ɗan ragin shi ke mayar da duka biyu ya koma ɗaya a ƙarshen wasa. A kula da abu guda: Defog na Corviknight yana share duwatsun ɓangarorin biyu ne, har da waɗanda Heatran ya sha wahalar zubawa. Kada a danna shi sai an auna wa zai fi asara.

Mataki na 6: Cike giɓi da neman gudu

Cikin huɗun nan babu mai jure harin dambe, Heatran ma tsoronsa yake. Clefable, mai nau'in Fairy, yana jure dambe, Dragon ba ya taɓa shi, kuma baiwarsa ta Magic Guard na kare shi daga duwatsu da ƙuna da guba.

Gurbi na ƙarshe na gudu ne. A wannan wasa wanda ya fi gudu shi ke fara duka, ko da da maki ɗaya ya fi. Iyakar gudun Garchomp a mataki na 100 shi ne 333, na Dragapult kuwa 421. Dole a samu wanda zai sha gaban irin waɗannan. Meowscarada na kai 379, idan ya riƙe Choice Scarf sai a ninka da ɗaya da rabi, ya zama 568. Sharaɗin gyalen shi ne dabara ɗaya zai yi ta maimaitawa har sai ya bar fili, shi ya sa ake haɗa masa da U-turn, tare da Flower Trick da Knock Off.

Mataki na 7: Gwajin takarda

A samu takarda da biro, a jera nau'o'i 18, a rubuta masu tsoron kowanne da masu jure shi. A wannan tawaga, ƙanƙara na cin Garchomp da Meowscarada, amma Rotom da Heatran na tare ta. Wuta na cin Corviknight da Meowscarada, amma Garchomp da Rotom na jurewa, Heatran kuwa ƙarfi take ƙara masa. Ƙasa na cin Heatran ninki huɗu, amma ba ta taɓa Corviknight da Rotom. Babu nau'in da ke cin fiye da biyu. Ƙa'idar ke nan: in uku suna tsoron abu ɗaya, ko kuma babu mai jure shi ko ɗaya, a canza wani.

Makin horo, hali da Tera

Kowane dodo na da makin horo 510 da ake rabawa, waɗanda allon ke kira EVs, kuma ba a zuba sama da 252 a waje ɗaya. Maki 4 ke ba da ƙarin lamba 1 a mataki na 100. Mai kai hari irin Garchomp ana ba shi 252 a duka, 252 a gudu. Mai tsaro irin Corviknight ana zuba masa a jini da kariya. Hali kuma yana ƙara kashi 10 cikin 100 a wani fanni ya rage a wani. Jolly ya dace da Garchomp, domin yana ƙara gudu ya rage harin da ba ya amfani da shi.

Akwai kuma Tera, damar canza nau'in dodo ɗaya sau ɗaya a wasa. Idan Garchomp ya koma ƙarfe, abubuwa ukun da yake tsoro duk sai ya zama yana jure su. Sau da yawa wannan ne zagayen sararin da ake nema.

Gwaji a fili

Kowane sabon asusu na farawa da maki 1000. A buga wasa kamar 20 ba tare da an taɓa tawagar ba, ana adana bidiyon kowace karawa da maɓallin da shafin ya tanada. Bayan kowane rashin nasara a rubuta sunan dodon da ya yi ɓarna. Idan suna ɗaya ya yi ta maimaituwa, matsalar tawaga ce, sai a canza dodo ɗaya ko dabara ɗaya, ba duka shida ba. Idan sunayen daban-daban ne, to hannun mai wasan ne ke buƙatar gyara. Shafin na da na'urar lissafin ɓarna da ke nuna ko duka zai kashe ko ba zai kashe ba, Smogon kuma na fitar da jerin dodannin da aka fi amfani da su duk wata. A duba na saman jerin, a tabbata akwai amsar kowannensu. Dokoki na canzawa, don haka a riƙa danna Validate kafin shiga fili.

Abin lura ga mai waya

Idan agogon wasa na tafiya kuma sabis ya ɗauke har lokaci ya ƙare, an yi asarar wasan da makinsa, komai kyawun tawaga. Wanda ke cikin Keke Napep daga Television zuwa Unguwar Romi gara ya bari sai ya sauka ya samu wuri mai sabis. Haka nan kada a fara karawa da cajin da bai kai ya kawo ba, musamman ranar da babu wuta. Kashe motsin hotuna da sauti a saitin shafin na rage wa ƙaramar waya nauyi.

Abu na ƙarshe, a ma'ajiyar burauza tawagogi ke zama. Ranar da aka goge bayanan Chrome don neman sarari, suna iya tafiya gaba ɗaya. A danna Import/Export, a kwafi rubutun tawagar, a ajiye a manhajar rubutu ko a tura wa kai a WhatsApp. Da wannan rubutun ne kuma ake tura wa aboki tawaga, ya gwada ta, ko ya nemi sunan mai ita a shafin ya ƙalubalance shi kai tsaye. Abokin da ya san tawagar ciki da waje shi ya fi kowa saurin gano inda take yoyo.