Kafin a Sauke Maka Giyabos, Gwada Sensar Zafi

Ka baro Kwanar Dangora lafiya lau, ka wuce Tudun Wada. Kana shiga dajin Falgore sai mota ta fara canjin giya da fizga, kamar an bangaje ta ta baya. Ko kuma ta maƙale a giya ta uku, inji na ta kuka, ga fitilar gargaɗi ta kama. Gareji na farko da ka tsaya aka ce giyabos ya tafi, a sauke shi, a je Ƙofar Ruwa a nemo wani.

Dakata tukuna, ƙanena.

A cikin giyabos ɗin mota otomatik akwai wata 'yar sensa da ba ta fi kan ɗan yatsa ba, kullum tana jiƙe a man giya. Aikinta ɗaya ne: ta gaya wa kwamfutar mota zafin man. Da wannan labarin kwamfuta take tsara lokacin canjin giya da ƙarfin matsin mai. Idan sensar ta ce man da sanyi alhali ya ɗau zafi, wasu motocin sai su ƙi shiga giyar ƙarshe, fetur ya yi ta tafiya. Idan ta ce ya yi zafi fiye da kima, kwamfuta za ta taƙaita giya don ta kare giyabos. To, abin da za ka gano shi ne: ƙarya sensar take yi, ko gaskiya take faɗa? Ga yadda za ka bi.

1. Fara da man kansa. Ajiye mota a wuri mai daidai, ka ja birkin hannu. A Toyota mai sandar awo, ana duba man inji na aiki, giya tana P, bayan mota ta ɗumama. A Honda da yawa kuwa sai ka kashe inji sannan ka auna nan take. Goge sandar a farin ƙyalle ka duba. Ja garau, lafiya. Baƙi mai ƙauri, ya ƙone. In ya yi kauri kamar an dama fura da jan kala, ruwan lagireto ne ya shiga. Kashe mota, kada ka ƙara ko taku ɗaya.

2. A sa motar a kwamfuta, kuma ka rubuta lambar matsalar da ta nuna da hannunka. Soket ɗin yana ƙarƙashin sitiyari, mai ƙafa 16. Kada ka bari a goge lambar kafin ka rubuta, ko ka ɗauki hotonta da waya. P0713 na nufin layin sensar ya yanke: waya ta tsinke, soket ya saki, ko sensar ta mutu. P0712 kuma waya ce ta haɗe da jikin mota ko sensar ta haɗe daga ciki. P0711, karatun sensar bai yi daidai da hankali ba. P0714, tana yi tana ɗaukewa. Amma in ka ga P0218, kwamfuta na cewa man ya yi zafi da gaske, sai ka kula da mataki na 6.

Ƙaramar na'urar nan da ake haɗawa da wayar hannu ba kullum take karanta zafin man giya ba. Nemi rewaya mai babbar kwamfuta.

3. Gwajin sassafe. Wannan shi ne wanda na fi yarda da shi, kuma ba ya cin ko sisi bayan kuɗin mai kwamfuta. Bar motar ta kwana a garejin, ko ka roƙi rewayan ya zo gida bayan sallar asuba. Kada a tayar da inji. A murɗa makulli kawai har fitilu su kama, a kira lambobi uku a kan allo: zafin ruwan inji, zafin iskar da ke shiga inji, da zafin man giya.

Motar da ta kwana a tsaye komai nata ya huce, don haka lambobin ukun dole su yi kusa da juna, da kuma sanyin garin. Da safiyar hunturu a Kiru ko gefen madatsar Tiga kana iya ganin digiri 15, 16, 15. Wannan sensa mai gaskiya ce. Bambancin maki biyu ko uku ba komai. Amma in ruwa ya ce 16, iska ta ce 15, man giya ya ce 70, ai ka kama ta. In ya nuna 40 ƙasa da sifili, layin a yanke yake, don ba a taɓa irin wannan sanyin a ƙasar Kano ba. In ya nuna 150 a motar da ba a tayar ba, waya ta haɗe.

4. Yanzu ku hau hanya. Kai ka tuƙa, rewaya ya riƙe kwamfuta. Zafin man ya kamata ya riƙa hawa sannu a hankali, ya je ya zauna wajen 80 zuwa 95. Lambar da ta tsaya cak ba motsi, ko mai tsalle daga 50 zuwa 110 ta dawo cikin ƙiftawar ido, ba zafin mai ba ne. Mai ba ya ɗumama ya huce haka.

5. Bi waya kafin ka taɓa kwanon mai. Sau da yawa sensar lafiyarta ƙalau, hanyar saƙonta ce ta lalace. Cire babban soket ɗin da ke jikin giyabos ka haska da tocila. Nemi koren tsatsa, ƙafar da ta lanƙwashe, ruwan da ya shiga wurin wanki ko ƙetare kwazazzabo da damina, ko man giya da ya biyo waya. Lokacin kaka, motar da ke kwana kusa da buhunan masara ɓera ba ya barin wayoyinta. Na taɓa ganin wadda aka yi cinikin giyabos dominta, ashe waya guda ce ɓera ya gutsure, tsawon cizon bai kai gaɓar yatsa ba. A girgiza wayoyin da hannu ana kallon allo. In lamba ta yi tsalle, nan ciwon yake.

Sai a sa mita. Makulli a buɗe, soket a cire, ɓangaren kwamfuta ya kawo wajen bolt 5. Ɓangaren sensa kuma ana auna turjiyarta: da sanyi dubban om, da zafi ta sauko zuwa 'yan ɗaruruwa.

6. In sensar ta ci duk gwaje-gwajen nan, ka yarda da ita. Man ne yake zafi. Sienna cike da buhunan shinkafa da fasinja, tana hawan tudun Riruwai da tsakar ranar watan Afrilu, za ta iya kai man 120 ko fiye, kuma a nan yake fara ƙonewa. A duba lagireto, don a motoci da yawa ta cikinsa man giya yake bi ya huce. A duba fanka, a wanke ƙura da ƙaiƙayin da suka toshe gaba. A hawa mai tsawo, sauko da giya da hannunka zuwa 3 ko 2, kada ka bar ta tana neman giya. Canza sensa a wannan halin kuɗi ne a ruwa.

7. In kuwa ta tabbata ita ce, a canza ta, giyabos na nan a wurinsa. A Toyota da yawa sensar haɗe take da wayoyin ciki, sai an sauke kwanon mai an canza su gaba ɗaya. Bari mai ya huce tukuna, kuma a tokare motar da kyau, ban da jak kaɗai. Tunda an buɗe, a sa sabuwar filta da sabon gaskit, a goge ɗan maganaɗisun da ke cikin kwanon. Baƙin gari mai laushi a jikinsa ba matsala. Gutsattsarin ƙarfe kuwa wata magana ce, giyabos ɗin na son duba sosai.

Zuba man da aka rubuta wa motarka: WS ko T-IV a Toyota gwargwadon shekararta, DW-1 a Honda. A motocin da ba su da sandar awo, ana daidaita yawan man ne idan zafinsa ya kai wajen 40, kuma sabuwar sensar ce za ta nuna hakan a allo. A goge lambar matsalar, ka yi tafiyar kwana biyu, sannan ku sake gwajin sassafe. Lambobi ukun nan su zo kusa da juna.