Ɗauko Alƙaluman Awon Sauti daga Fayil da Harshen Python

Mai nazarin furucin Hausa da ya auna tsawon wasali a kalmomi irin su gari na zama da gari na tuwo yakan tashi da ɗaruruwan alƙaluma. Manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam, tana iya zuba su a fayil na rubutu zalla, kowane layi ɗauke da kalma da tsawon wasalinta da ƙimar karin sautinta. Daga nan sai lissafi, kuma harshen Python na cikin waɗanda ake yin sa da su.

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne, duk abin da Python ya karanto daga irin wannan fayil rubutu ne a wurinsa. Jerin 0.085 bai bambanta da kalmar gida ba, har sai an mayar da shi lamba. Matakan ba su da yawa: open ya buɗe fayil, split ya rarraba layi gida-gida, float ya mayar da gidan da ake so lamba. A matakai biyu na ƙarshe ne ɓarna take shiga.

Ta farko ita ce ta waƙafi. A Nijeriya ɗigo ne ke raba cikakkiyar lamba da ɓangarenta, amma a Nijar, bisa tsarin Faransanci, waƙafi ake sawa. Fayil ɗin da ya biyo ta kwamfutar da aka saita da Faransanci yana iya isowa da 0,085. Idan aka miƙa wa float wannan, zai tsaya ya ba da saƙon kuskure na ValueError, kuma wannan sauƙi ne, domin an ankarar da mai aiki. Matsalar ita ce idan an umarci split ya raba layi a kan waƙafi: lambar za ta tsage biyu, 0 da 085, kowace ta wuce salin-alin, gidajen da ke bayanta su goce. Raba gidaje da tazarar Tab yana toshe wannan kafa, sannan a sauya waƙafi da ɗigo kafin juyawa.

Ta biyu ta fi shafar masu nazarin karin sauti. Baƙaƙe marasa ziza kamar /s/ da /t/ ba su da ƙimar da za a auna, don haka Praat kan rubuta --undefined-- a gurbinta. Wasu sukan cike gurbin da sifiri don shirin ya daina tsayawa. A ɗauka an sami 120 da 130 da gurbi guda: matsakaicin gaskiya 125 ne, amma da sifirin zai faɗo zuwa 83.3, har karin sama ya yi kama da na ƙasa a sakamakon bincike. Daidai shi ne a tsallake layin, a ƙirga adadin waɗanda aka tsallake, a kuma bayyana shi a muƙala.

Haruffa masu lanƙwasa ma suna da nasu. Fayil mai ɗauke da ɓ ko ɗ ko ƙ, Praat na iya ajiye shi da tsarin UTF-16. Wanda ya buɗe shi da encoding="utf-8" zai gamu da kuskure tun kafin ya kai ga lamba ko ɗaya; sai ya sauya zuwa "utf-16", ko ya saita Praat ta riƙa ajiya da UTF-8 tun farko.