Digirin MFA: Abin da Ake Nema Wurin Mai Zane Kafin a Ba Shi Takarda

Duk lokacin da jami'o'i suka fara sayar da fom ɗin karatun gaba da digirin farko, tambaya ɗaya ce take yawan zuwa mini daga tsofaffin ɗalibai da malaman zane na sakandare: "Malam, ina so in yi mastas, wanne zan cike?" Da yawansu ba su san cewa hanya biyu ce ba. Akwai digirin MA, wanda ake yi a tarihin fasaha ko koyar da ita, kuma aikinsa karatu ne da rubutu. Akwai kuma MFA, wanda ake yi a cikin situdiyo, da fenti ko yumɓu ko ƙarfe a hannu. A kan wannan na biyun nake koyarwa, kuma a kansa ne na ga an fi samun rashin fahimta.

Digirin ba tsoho ba ne sosai. Jami'ar Iowa ta Amurka ce ta fara bayar da shi a 1940, kuma cikin waɗanda suka fara karɓa akwai Elizabeth Catlett, baƙar fata, wadda aikinta na kammalawa sassaƙar uwa da ɗanta ne a dutse. Abin da ya zo sabo a lokacin shi ne jami'a ta yarda cewa abin da hannu ya ƙera zai iya tsayawa a matsayin bincike. A Amurka har yanzu ma'aunin da ƙungiyar malaman fasaha ta kwalejoji ta tsayar shi ne kiredit 60 da aƙalla shekara biyu ta cikakken karatu. A wurinmu kuwa tushen abin yana Zariya. Sashen fasaha ya koma can daga Ibadan a 1955, kuma a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta dage a kan cewa dole mai zane ya haɗa abin da ya koya a aji da abin da ya gada a gida.

Sharuɗɗan shiga ba su da wuyar ganewa. Galibin jami'o'in Najeriya suna neman digirin farko a fannin fasaha da sakamakon da bai gaza daraja ta biyu ba, da takardar bautar ƙasa, da cikakken sakamakon jarrabawa daga tsohuwar makaranta. Mai HND yawanci sai ya bi ta difloma ta gaba da digiri. Amma abin da nake fara buɗewa ni shi ne hotunan ayyukan mai nema. Mutane sukan cika su da duk abin da suka taɓa yi: hoton gwamna da fensir, allon talla, kwandon lemo. Ayyuka kaɗan da ke nuna mutum yana bin wata damuwa guda sun fi mini tarin da ke nuna ya iya komai.

Dalilin haka shi ne a MFA ba a koya wa mutum zane. Ana ɗauka ya riga ya iya. Abin da ake nema shi ne ya zo da tambaya, ya amsa ta da jerin ayyuka. Wani ɗalibi da na duba ya taso a makarantar allo, kuma abin da ya dame shi shi ne zayyanar da ake yi wa allon sauka: yaya za a ɗauke waɗannan layuka da murabba'ai zuwa babban ƙyalle ba tare da an sa aya ko ɗaya ba, tunda zane yana iya faɗawa hannun da ba zai girmama shi ba? Ya fara da fentin kanti, launukan suka fito da ƙyalli irin na allon talla, ruhin abin ya ɓace. Sai ya koma ya niƙa gawayi da jar ƙasa, ya haɗa da ƙaro kamar yadda ake haɗa tawada. Da ya shafa da kauri, sai ya tsattsage bayan ya bushe. Ya rage ƙaron, ya riƙa shafawa sirara-sirara, yana rubuta ma'aunin kowane haɗi a littafi, yana manna guntun ƙyallen gwaji a gefen shafin. Wannan littafin da yatsu suka ɓata shi ne bincikensa, kuma daga cikinsa ne kundinsa ya fito.

A tsakanin haka akwai zaman tsefe aiki. Ɗalibi zai jingina ayyukansa a bango, malamai da 'yan ajinsu su zauna, a yi ta tambayarsa: me ya sa wannan girman, me ya sa wannan launin, wa ya riga ka yin irin wannan, ina naka ya bambanta? Wannan zaman yana yi wa yaranmu nauyi, domin mun taso da kunyar mayar wa babba magana. Na sha ganin ɗalibi mai aiki mai kyau ya sunkuyar da kai yana cewa "to, Malam" ga kowace suka, har da wadda bai kamata ya karɓa ba. A wannan ɗakin ladabi shi ne ka kare aikinka da hujja, in kuma hujjar ta ƙare ka koma ka gyara.

Sai kundi. Nan ne da yawa suke maƙalewa, wasu har shekaru. Sukan gama zane su bar rubutu sai ƙarshe, sannan su kwaso bayanai daga intanet waɗanda ba su da alaƙa da abin da ke bango. Kundin MFA bayanin tafiyar aikinka ne: matsalar da ka ɗauko, masu fasahar da suka gabace ka a kanta, kayan da ka gwada, abin da ya ƙi da abin da ya yi. Wanda yake rubutu tun makon farko ba ya shan wannan wahalar. A ƙarshe za a yi baje kolin kammalawa, mai jarrabawa daga wata jami'a ya zo ya zagaya ayyukan, ya karanta kundin, ya yi wa ɗalibi tambayoyi baki da baki. Idan kundin ya ce abu ɗaya bango ya ce wani, zai gani.

Maganar kuɗi ma a yi ta tun da wuri. Kuɗin makaranta somin-taɓi ne. Fenti da ƙyalle da firam da ɗaukar hoto da jigilar kaya zuwa zauren baje koli duk daga aljihun ɗalibi suke fitowa. Shi ya sa nake ƙarfafa a duba kayan da ke kusa. Ibrahim Mahama, ɗan Tamale, wanda ya yi MFA a jami'ar Kwame Nkrumah ta Kumasi, da tsofaffin buhunan koko da gawayi ya yi suna, har ya lulluɓe manyan bangaye da su a baje kolin Benis na 2015. Muna da baba na marina, da fatar dukawa, da kaba, da ƙasar gini, kuma kaɗan ne daga ciki aka bincika da gaske a situdiyo.

Ga mai niyyar koyarwa a jami'a, ya sani cewa a Amurka ana ɗaukar MFA a matsayin digirin ƙarshe na mai aikin situdiyo, amma a Najeriya ƙarin girma zuwa manyan muƙamai yana bukatar digirin dakta. Saboda haka ya zaɓi tambayar da za ta iya ɗaukarsa har can, kuma kafin ya biya kuɗin fom ya je sashen da kansa, ya ga situdiyon, ya tambaya ko akwai malamin da zai iya duba irin aikin da yake son yi.