Kayen mai kula da lafiyar bisashe: ilimin da ke hannunmu ba mu karanta ba

Ƴan uwa makiyaya, a kusan kowace ƙungiya akwai wani kaye da mataimakin likitan bisashe yake rubutu a ciki: ranar da aka kira shi, garken da ya duba, alamun ciwo, maganin da ya ba da. Akwai takardun rigakafi, akwai lissafin shagon magani. Sau da yawa rubutun nan yana kwance cikin akwati har gara ta ci shi. Darasinmu na yau shi ne yadda za mu mai da shi malaminmu, ba tare da kashe ko dala ba.

Me ya sa ƙwaƙwalwa kaɗai ba ta isa ba?

Kowane makiyayi ya san garkensa, amma bai ga abin da ya samu garkuna talatin na ƙungiya ba. Mutum yana tuna mutuwar saniyar da yake so, ya manta ƴan awaki goma da suka tafi ɗaya bayan ɗaya. Kaye yana riƙe su duka.

Tambayoyi huɗu

A ƙarshen kowane lokaci, damana, kaka, ɗari da rani, a zauna da kayen. Wanda ya iya karatu ya karanta da ƙarfi, sauran su gyara.

1. Wane ciwo ne ya fi dawowa, kuma yaushe? In zawo da rama suna yawaita ga tumaki a kowace damana, a tambayi likita lokacin da ya dace a ba da maganin tsutsar ciki, kafin dabba ta faɗi.

2. A ina? A haɗa kowane ciwo da makiyaya ko mashaya. Tsutsar hanta tana bi ta ƙananan katantanwa na bakin tabki da fadama. Ƙwayar ciwon saifa kuwa tana zama cikin ƙasa shekaru da yawa. In mutuwar farat ɗaya tana maimaituwa a wuri guda, a kauce masa, kada a feɗe mushen, kada a ci naman, a sanar da ma'aikatan kiwo nan take, don ciwon yana kama mutane.

3. Nawa cikin nawa? Wannan ita ce tambayar da aka fi mantawa. A ce Malam wane ya rasa awaki 5, maƙwabcinsa ma 5. In na farko yana da 20, na biyu 200, to na farko ya rasa kashi ɗaya cikin huɗu, kuma gidansa ne ya kamata a fara bincika.

4. Maganin ya yi aiki? A sa alama gaban kowane suna: ta warke, ta mutu, ko an yanka. In magani ɗaya yana yawan kasawa, a duba inda aka saye shi, ko ya sha rana a kasuwa, ko wa'adinsa ya wuce, ko an auna shi daidai da nauyin dabba.

Takardun rigakafi

Kowace shekara a Nijar ana zagayen rigakafin ciwon huhu na shanu da annobar awaki da tumaki, mai zuwa da zazzaɓi, majina da zawo. Kariyar allurar ciwon huhu ba ta daɗewa, shi ya sa ake maimaita ta kowace shekara. A gwada sunayen waɗanda aka yi wa da sunayen ƴan ƙungiya. Su wa suka rasa? In waɗanda suka yi arewa wajen Ingal ne, ko suka gangara kudu neman ciyawa, sai shugabanni su kai wa ma'aikatan kiwo wannan bayani, a daidaita rana da wuri tun da sauran lokaci. Garke ɗaya da ya kuɓuce yana iya dawo wa kowa da ciwo a bakin rijiya.

A canza abu ɗaya, a sake dubawa

Kada a tashi daga taro sai an tsai da shawara guda: misali, duk dabbar da aka sayo a kasuwa a ware ta mako uku kafin ta shiga garke. A rubuta shawarar da ranarta. Bayan wata uku a buɗe kaye a gani ko ciwo ya ragu. In bai ragu ba, a nemi dalili, a gwada wata.

A kiyaye abu biyu. Taron nan ba na tonon silili ba ne: in aka kunyata mai garke, gobe zai ɓoye ciwo, lissafi ya lalace. Sannan a gayyaci mata, don su ne ke fara ganin akuyar da ta ƙi cin dusa ko nonon da ya ragu.

Dattawanmu sun ga ɓarnar bushiya, kuma a 2011 aka tabbatar ta ƙare a duniya, saboda rigakafi da kai rahoto. Yanzu burin duniya shi ne kawar da annobar awaki da tumaki nan da 2030. Rabonmu a wannan aiki yana cikin kayen nan. A taro mai zuwa, a ɗauko shi daga akwati.