Zaɓen Ma'aunin da Za a Zana a Taswirar Farashin Hannun Jari

1. Taswirar farashi zane ce mai nuna hawa da saukar kuɗin hannun jari kowace rana. Masu ciniki su kan ɗora mata wani layi da a ke kira ma'auni, watau lissafin da kwamfuta ke fitarwa daga farashin kwanakin baya. A dandalin TradingView, da harshen umarni mai suna Pine Script a ke rubuta wannan lissafi.

2. Ma'aunai suna da yawa, amma biyu sun isa misali. Na farko shi ne matsakaici mai tafiya. A kan tara farashin tashin kasuwa na kwana 50, a raba gida 50. Kashegari sai a zubar da ranar farko, a ƙara sabuwa. Wannan layi shi ke nuna inda farashi ya dosa, ko da ya ke kullum a baya ya ke biyowa. Na biyu shi ne RSI, wanda wani Ba'amurke, J. Welles Wilder, ya fito da shi a 1978. Bisa al'ada kwana 14 ya ke dubawa, yana yawo tsakanin 0 da 100. In ya haura 70 a kan ce saye ya yi yawa, in ya gaza 30 a ce sayarwa ta yi yawa.

3. Tambayar mutum ita ke zaɓa masa ma'auni. Mai son sanin inda kasuwa ta nufa cikin watanni, matsakaici ne nasa. Mai tsoron ko hawan makon nan ya wuce kima, RSI zai duba. Tara ma'aunai biyar masu amsa tambaya guda ba ya ƙara hujja, shaida ɗaya ce a ka maimaita sau biyar.

4. Wajen rubuta umarni, a kan jera sunayen ma'aunan domin mai aiki ya zaɓi guda. Sai a lura da abu biyu. Na ɗaya, Pine Script ba ya yarda a sa umarnin zane a cikin sharaɗi. Saboda haka sai a bar umarnin a fili, ma'aunin da ba a zaɓa ba a bar lissafinsa wofi, ba zai fito ba. Na biyu, matsakaici a kan farashi ya ke hawa, gama duka kuɗi su ke ƙirgawa, amma RSI filinsa dabam ne a ƙasa. In hannun jari yana naira 400, a ka haɗa su wuri guda, dukansu biyu za su matse har su ƙi karantuwa.

5. Lalle ne hakimai da malamansu su faɗakar da duk mai shirin zuba kuɗinsa, cewa ma'auni abin da ya wuce kaɗai ya ke lissafawa. Kada kowa ya sayar da gona ko shanu don ganin layi ya hau.