Darasi: Kafin Ki Ce "Na Amince"

'Yar'uwa, in za a ɗauke ki aiki, kada kunya ta sa ki ce "duk abin da kuka ba ni." Neman haƙƙi ba rashin kunya ba ne.

Na farko, ki bincika nawa ake biyan masu irin aikin. A 2024 aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a Najeriya kan naira 70,000.

Na biyu, ki tambayi abin da zai shigo hannunki bayan cire haraji da fansho, ki lissafa kuɗin mota.

Na uku, hutun haihuwa: dokar ƙwadago ta ba da mako 12, da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata 6 a bakin aiki.

Duk alkawarin da aka yi miki, a rubuta shi kafin ki sa hannu. Allah ya sa mu dace.